Jaki a Cikin Garken Shanu

Duk wanda ya taso a Ajingi ko Gaya ya saba ganin jaki cikin shanu da kaka, bayan an kwashe gero da dawa. Haɗin ba laifi. Saniya da harshe take naɗo doguwar ciyawa, jaki kuwa da haƙora yake datsar guntuwar da ta bari. Yawancin tsutsotsin cikinsu ma ba iri ɗaya ba ne, ban da tsutsar hanta ta fadama, wadda ke kama su duka.

Rigimar tana wurin kwanon dusa. Jaki ba ya tuƙa, kuma ba ya iya amai. In ya afka wa dusar san turka ya cika tumbi, sai ciwon ciki mai tsanani, wani lokacin har mutuwa. Haka namu ya tafi, ina ajin ƙarshe a sakandare, ɗiban ruwa ya dawo wuyana. Ga jakuna sun yi tsada saboda cinikin fatarsu zuwa ƙasar Sin.

Saboda haka a ɗaure shi nesa kafin a zuba dusa. In namiji ne da ba a dandaƙe ba, a raba shi da 'yan maruƙa, don yana cizo.