Me ya sa mota ke ƙin tashi bayan an sauya taimin bel?

Gardama ce sananniya a garejojin Gyadi-Gyadi da Tarauni: an sauya taimin bel, mota ta ƙi tashi, makanike ya ce injin ne ya tsufa.

Ba lallai ba ne. Bel ɗin ne ke daidaita motsin fistin da bawul. A inji irin na Peugeot 406, idan saitin ya goce da 'yan haƙora, fistin kan doki bawul ya lanƙwasa shi.

A daina murza makulli. A duba alamomin saitin, a auna matsin kowace silinda. Idan matsin ya faɗi, sai an sauke kan injin an sauya bawul da gaskit. Kafin a aika Ƙofar Ruwa sayen kaya, a tsayar da wanda zai biya, domin dokar kare masu saye ta 2018 ta haɗa har da aikin gyara.