Ɗaukar keke da babur a mota ko tirela: a gama ɗauri tun daga tasha

'Yan'uwa manoma, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, keken da mutane da yawa suka jingine a zaure ya sake fitowa. A nan yankin Sabon Birni da Isa akwai ƙarin dalili: jama'a da dama sun baro ƙauyukansu sun dawo cikin gari saboda rashin tsaro, gonakin kuwa suna nan inda suke. Sai a haɗa kuɗi a hau mota ɗaya, a sauka a bakin hanya, kowa ya hau kekensa ya ƙarasa fadama. Ranar kasuwa ma haka ne, ko za ka Goronyo ko za ka Shinkafi, da wuya ka ga motar da ba keke ko babur a samanta ko a bayanta.

A wani wuri, idan igiya ta saki, direba zai tsaya a gefen hanya ya gyara, ya wuce abinsa. Mu a nan ba ko'ina ake tsayawa ba. Ba wanda ya manta da motar fasinja da aka ƙona a Gidan Bawa a Disambar 2021, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Direban da ya hangi kekenka yana lilo a madubi a tsakiyar daji, zaɓi biyu gare shi: ya tsaya da mutane a inda bai kamata ba, ko ya bar keken ya faɗi. Shi ya sa ɗaurin da za a yi a tasha dole ya zama wanda zai kai har inda za a sauka.

Abin da ke kwance kaya a hanya

Yawancinmu muna ɗaure kaya ne don kada ya faɗo ƙasa. Amma kaya ba ƙasa yake fara nufa ba. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, gaba yake yi. Idan aka sha kwana, gefe yake yi. Idan aka faɗa rami, sama yake tashi ya dawo. Ƙa'idar ɗaure kaya da ake bi a ƙasashen Turai ta ce ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan idan suka yunƙura gaba, da rabin nauyinsu idan suka yunƙura gefe ko baya. Irin kekenmu na ƙarfe mai kariya yana kai kilo 20. Babur irin Boxer ya haura kilo 100. Ka ga ke nan idan aka taka birki, babur ɗin zai turo gaba da ƙarfin da ya kusa nauyin babban buhun gero. Guntuwar robar tayar da aka naɗa sau biyu ba za ta tare wannan ba.

Robar nan da ake yankowa daga tsohon tub tana da amfaninta. Tana da kyau wajen haɗa taya da gangar jikin keke don kada ta riƙa juyawa, ko matse birki a riƙe. Amma ba ita ce za ta ɗauki nauyi ba, domin miƙewa take yi, kuma duk abin da ya samu damar motsi kaɗan, gargadar hanya za ta ƙara masa. Rana ma tana cinye ta, kuma idan ta tsinke tana iya samun mutum a ido. Nauyi na igiya mai ƙwari ne, ko bel ɗin nan mai ƙarfen ja da manyan motoci ke amfani da shi. Idan igiya ce, yi mata hanci a tsakiya, ka zagaya da bakin ta cikin ƙugiyar mota, ka dawo da shi ta cikin hancin ka ja ƙasa, sannan ka ƙulle. Wannan ƙullin ya fi jan hannu matsewa nesa ba kusa ba, kuma tsofaffin 'yan lodi duk sun iya shi. Tambaye su.

A jikin keke kuma, gangar jikin ake kamawa. Kada igiya ta bi ta kan wayar birki, ko sarƙa, ko tsinkayen taya. Tsinke biyu suka lanƙwashe, tayar ta karkace, sai ka biya mai gyara kuɗin da ya fi na mota. Cire duk abin da ke kan kariya: fartanya, galan, injin feshi, buhun taki. Idan kekuna biyu ko uku ne, a jera su kai da ƙafa, wato kan wannan yana wajen sirdin wancan, a sa tsohon buhu ko kwali a tsakani inda feda za ta goga.

Saman mota, but, da a-kori-kura

A saman bas, kwantar da keke ake yi, gefen sarƙa yana sama, a kan buhuna, ba a ƙarƙashinsu ba. Na sha ganin an ɗora buhun albasa a kan taya don wai ya danne keken. Dannewar ke nan da ke karya shi. Ƙananan motoci kuwa, yawancinsu abin da rufinsu zai ɗauka bai wuce kilo 50 zuwa 75 ba, har da nauyin kariyar kanta. Kekuna biyu sun kusa cinye wannan, kuma duk nauyin da aka ɗora a sama yana ƙara wa mota saurin kifewa a kwana.

Sai kuma abin da aka fi yi da Golf: a buɗe but, a cusa keke rabi ciki rabi waje, a ɗaure murfin da roba. Matsala ta farko, idan but yana buɗe, iska tana jawo hayaƙin salansa zuwa cikin mota, kuma a cikinsa akwai iskar da ba ta da wari amma tana sa ciwon kai da gyangyaɗi, har da direba. In dole ne a yi haka, a sauke gilasan gaba. Ta biyu, tayar da ta sauko kusa da bakin salansa za ta yi laushi ta fashe kafin a isa. Ta uku, keken yana rufe fitilun baya da lambar mota. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suna kama mota a kan wannan, amma ni ba tarar ce ta fi damuna ba. Mai babur ɗin da ke biye da ku cikin ƙura, wanda bai ga fitilar birki ta kama ba, shi ne abin ji. Duk abin da ya zarce jikin mota a ɗaura masa jan ƙyalle.

A-kori-kura da Kanta sun fi sauƙi. Babur a tsaye ake ɗora shi, tayar gaba ta dafe da allon da ke bayan direba, a sa shi a giya, a rufe famfon mai. Igiya huɗu: biyu daga wajen wuyansa zuwa kusurwoyin gaba, a ja har ƙafafun gaba su ɗan nutse, biyu daga baya. Kwantar da babur yana zubar da fetur da baƙin mai, kuma fetur a ƙasan motar da wani zai iya kunna sigari a cikinta ba abin wasa ba ne. Kada mutum ya zauna tsakanin babur da allon gaba, musamman yara. Can ne kayan za su nufa idan aka taka birki.

Ka riƙe rasit ko takardun babur ɗin a aljihunka. Tun dokar tsaro da gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa wa hannu a Satumbar 2021, wadda ta shafi babura da sayar da fetur a jarka, babur a bayan mota abu ne da ake tambaya a kansa a shingen bincike. Rashin takarda yana iya tsayar da mota gaba ɗaya har la'asar ta yi muku a hanya.

Ƙarfen rataya keke a bayan mota

Wasu sun ga hotunan wani ƙarfe da ake maƙalawa a bayan mota a Amurka da Turai, a jera kekuna a kai, suna tambaya ko mai walda zai iya yi musu irinsa. Zai iya, amma a san yadda abin yake. A can, ƙarfen ba a jikin bamba yake ba. Akwai mazaunin jan tirela da aka ɗaure da manyan kusoshi a jikin shasin mota, a Amurka mai baki murabba'i na inci 2 ko inci ɗaya da kwata, a Turai mai dunƙulen kai na milimita 50. A kansa ake ɗora marataya kekunan. Kuma kowane mazauni yana da iyakar nauyin da zai danne shi, wanda a ƙananan motoci yawanci bai wuce kilo 50 zuwa 75 ba.

Yanzu yi lissafi. Wanda mai walda zai haɗa da ƙarfe mai kauri zai iya kai kilo 20 shi kaɗai. Ƙara kekunanmu uku, kilo 60. An wuce iyaka ke nan. Kuma nauyin ba a jikin mota yake ba, yana can baya ya miƙe. Ɗauki bokitin ruwa kusa da jikinka, sannan ka miƙe hannu da shi, za ka gane bambancin. Kowane rami aka faɗa, wannan nauyin yana girgiza waldar kamar mai son ɓalle reshe. Bayan motar zai zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf, fitilun gaba su koma haska sama. Shawarata ita ce, a ƙaramar mota kada a wuce keke biyu, babur kuwa sam. A kama shasi, ba bamba ba, a ɗaga shi sama yadda ba zai daki ƙasa ba idan za a gangara kwari ko a hau kwalbati. A riƙa duba bakin waldar. Tsatsa a siririn layi alamar tsagewa ce.

Ƙaramar tirela

Ga ƙungiyar manoma da ke kai mutum goma ko fiye fadama a lokacin noman rani, ƙaramar tirela mai taya biyu ta fi duk waɗannan. Tana ɗaukar kekuna, da injin ban-ruwa, da tiyo, nauyin kuma yana kusa da ƙasa. Mai walda zai iya shimfiɗa mata ƙarafa masu kwari inda kowace taya za ta zauna, da ƙugiyoyi a gefe. Amma tirela tana da nata halin, kuma a wurin jera kaya ake samun matsala.

Duk wanda ya taɓa loda amalanke ya san wannan: kaya suka yi baya, dirkar ta ɗaga, dabbar ta rasa yadda za ta ja. A mota abin ya fi muni, domin tirelar da bayanta ya fi nauyi tana fara kaɗa wutsiya da zarar an ƙara gudu, har ta juya motar da ke janta. Ƙa'idar da masu jan tirela ke bi a Amurka ita ce kusan kashi 60 cikin 100 na kaya su zauna gaba da tayoyi, kuma kashi 10 zuwa 15 na dukan nauyin ya danne mahaɗar. Tirela da kayanta kilo 500, mahaɗar ta ji kilo 50 zuwa 75. Ba sai da sikeli ba: kafin a haɗa, mutum ɗaya mai ƙarfi ya gwada ɗaga dirkar. In ta tashi da kanta ko da hannu ɗaya, kayan sun yi baya. In mutum biyu sun kasa, sun yi gaba da yawa. Injin ban-ruwa da taki su zauna a ƙasa, daidai kan tayoyi ko gaba kaɗan, kekuna su biyo.

Idan ta fara kaɗawa a hanya, kada direba ya danna birki da ƙarfi, kada kuma ya yi ta murza sitiyari yana bin ta. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, gudun ya ragu da kansa. Irin tirelar da ake haɗawa a gari ba ta da birki, birkin motar ne ke tsayar da su duka biyun. A Turai ba a yarda tirela marar birki ta wuce kilo 750 ba, ita da kayanta, kuma hanyoyinsu ba irin namu ba ne. Ku tuna, gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yana ninka huɗu.

Mahaɗar kanta, a sa mata ƙusa mai kauri da makulli a ƙasa, ba guntun rodin da aka tsinta ba, domin gargada tana tura shi sama kaɗan-kaɗan har ya fice. A ƙara sarƙa biyu, a gicciya su a ƙarƙashin dirka, yadda in mahaɗar ta saki, dirkar za ta faɗa kan sarƙa maimakon ta caki ƙasa. A manna jan abu mai ƙyalli a baya in ba a samu jawo wayar fitila ba. Mutane kuma a mota za su zauna, ba a tirela ba.

Kafin a bar gari

Kowace igiya tana ɗan saki a farkon tafiya, saboda kaya suna zama. A littafi ana cewa a tsaya bayan 'yan kilomitoci a ƙara matsewa. Mu sai mu yi dabara: a sa kayan su zauna tun ana cikin gari. Bayan an gama ɗauri, kama keken ka girgiza da ƙarfi. In ya motsa shi kaɗai ba tare da motar ba, ba a gama ba. Direba ya ja mota kaɗan a cikin tasha ya taka birki sau biyu. Sannan a sake jan igiyoyi a bakin gari, inda akwai jama'a. Dubawa ta gaba sai a garin da aka saba tsayawa ko a shingen jami'an tsaro.

Ƙungiya ta sayi bel huɗu ko shida da kuɗin asusu, su zama nata, ta kuma naɗa mutum ɗaya wanda shi ne zai zagaya mota ya ce an gama. In aka bar wa kowa ya ɗaure nasa, mai sauri zai ɗaure a kan na wani, kuma wanda zai fara sauka sai an kwance na kowa. A jera tun farko bisa yadda za a sauka: na mai nisa a ciki, na mai kusa a baki, yadda tsayuwar sauke keke ɗaya a bakin hanya ba za ta wuce minti biyu ba.