Kiwon gizo-gizon tarantula: Dabbar da ake kallo ba a taɓawa

A shekarar 2009 wani matashi ɗan shekara 29 ya je asibiti a birnin Leeds na Ingila, bayan ya shafe makonni idonsa na ja yana zubar da hawaye. Maganin ciwon ido da aka ba shi tun farko bai yi aiki ba. Da likitoci suka duba da na'ura, sai suka ga ƙananan gasu sun soke idon.

A nan ne ya tuna cewa yana cikin share akwatin gizo-gizon da yake kiwo, dabbar ta watso masa gashi a fuska. Mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa labarin.

Tarantula babban gizo-gizo ne mai gashi, kuma akwai nau'o'insa sama da 1,000. A Turai da Amurka mutane na ajiye shi a akwatin gilashi domin sha'awa. Macen wasu nau'o'i, kamar mai jan gwiwa ta ƙasar Meziko, kan rayu fiye da shekara 20, don haka saye ba wasa ba ne.

Yadda ake ciyar da shi

Abincinsa ƙwari ne masu rai: gyare, kyankyaso, fara da tsutsa. Ba ya tauna. Yakan cafke ƙwaron, ya zuba masa dafi da ruwan da ke narkar da nama, sannan ya tsotse.

Babba na cin abinci sau ɗaya a mako ɗaya ko biyu, ƙanana kuwa sun fi buƙata akai-akai. Ƙa'idar masu kiwo ita ce kada ƙwaron ya fi cikin gizo-gizon girma. Suna kuma guje wa ƙwarin da aka kamo a waje saboda maganin feshi, suna kiwon nasu ko su saya. Da dogon hantsaki ake jefa abincin, kuma kullum akwai ɗan kasko na ruwa a akwatin.

Sabon mai kiwo kan tsorata idan dabbar ta ƙi cin abinci. Amma nau'in ƙasar Chile na iya yin watanni bai ci komai ba, kuma lafiyarsa lau. Yawan ɗura masa abinci ne ma ke kumbura cikinsa, ya fi saurin fashewa.

Lokaci mafi hatsari

Tarantula na yin saɓa kamar maciji domin ya girma. Kafin nan yakan daina cin abinci, daga baya ya kwanta rigingine kamar matacce. Wanda bai sani ba zai iya juya shi ko ya jefar da shi da ransa.

A wannan hali jikinsa na da laushi ƙwarai, gyare guda da aka bari a akwatin zai iya cizonsa ya kashe shi. Shi ya sa ake cire duk ƙwaron da ya kwana ba a ci ba, kuma bayan saɓa ake jira mako ɗaya zuwa biyu sai haƙoran dafinsa sun yi ƙwari.

Me ya sa ba a son ɗaukarsa?

Ba ya sabo da mai shi kamar kyanwa ko kare, kuma ɗauka ba ta ƙara masa komai. Idan ya zame daga hannu, faɗuwa ko da ba mai nisa ba ce na iya fasa cikinsa ya mutu.

Mutum ma bai tsira ba. Yawancin nau'o'in nahiyar Amurka na karce gashin cikinsu da ƙafafun baya su watsa, ya jawo ƙaiƙayi ko ya shiga ido. Na Afirka da Asiya ba su da irin wannan gashi, sai dai sun fi zafin nama, kuma cizon wasunsu na haddasa zafi mai tsanani da ɗaurewar jijiyoyi.

Idan ya zama dole a matsar da shi, masu kiwo kan tura shi a hankali da buroshi mai laushi zuwa cikin kofin roba, su rufe, kuma a ƙasa suke yin aikin. Likitocin Leeds kuwa sun shawarci masu kiwon su riƙa kare idanunsu duk lokacin da za su kusanci dabbar.