Yadda Ƙungiyar Koyar da Nasara Ke Zama Ƙangi

Ba da sunan addini kaɗai ake mallake zukata ba. A Amurka, Keith Raniere ya kafa NXIVM a 1998 yana sayar da darussan gyaran hali. A 2020 kotu ta ɗaure shi shekara 120 kan laifukan da suka haɗa da safarar mata. Salon ba ya sauyawa: a kambama jagora, a haramta tambaya, a raba mabiyi da danginsa. Najeriya ta ɗanɗana irinsa a MMM, wadda mabiyanta suka riƙa kiran masu gargaɗi mahassada, har ta toshe kuɗin jama'a a Disambar 2016. Saboda haka matashin Kazaure ko Babura da aka gayyata taron koyon arziki ya fara tambaya: daga ina ribar take fitowa? Idan aka fusata, ya samu amsa.