KAFIN KU SAYI MOTAR ƘUNGIYA, KU DUBA DA KYAU

Da zarar an gama girbi, sai ka ji ƙungiyoyinmu na gama kai a Zurmi da Moriki da Dauran sun taso da maganar sayen mota. Dalili kuwa a fili yake. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 1993 da ƙari talatin, wato 2023, kuɗin ɗaukar buhu zuwa Ƙaura Namoda ko kasuwar Alhamis ta Shinkafi yana cinye ribar manomi. Ga marasa lafiya da mata masu naƙuda da ake son kai wa asibiti. Amma kuɗin sabuwar mota ya fi ƙarfinmu. Abin da hannunmu zai kai gare shi, shi ne tsohuwar ƙaramar bas wadda ta riga ta sha tafiya. To, yaya za mu yi mu zaɓi wadda ba za ta cinye asusun ƙungiya ba?

Wace iri ce ta dace da mu?

Kada ku fara tambayar wadda ta fi kyau. Ku fara tambayar wadda makanikan Ƙaura da Gusau suka san cikinta, wadda kuma ake samun kayan gyaranta kusa. Akwai iri uku da aka saba gani a tashoshinmu.

Ta fari ita ce Volkswagen Sharan, wadda aka fara ƙerawa a 1995. Tana ɗaukar mutum bakwai, ana kuma iya cire kujerun baya a zuba kaya. Ford Galaxy da Seat Alhambra na wancan zamani 'yan ɗaki ɗaya ne da ita, a ma'aikata ɗaya aka ƙera su a ƙasar Fotugal, saboda haka kayansu da yawa suna shiga juna.

Ta biyu ita ce Toyota Sienna, wadda ake kawowa daga Amurka. Injinta yana da juriya, amma mai silinda shida ya fi shan mai, cikinta kuma ba shi da nisa da ƙasa. A hanyar burji mai ramuka, wannan abin dubawa ne.

Ta uku ita ce Toyota Hiace. Ita ce ta fi jure kaya da wahala, amma ita ce ta fi tsada. Ku sani, Sharan da Sienna motocin mutane ne. Wanda ya mai da su akori-kura, ya loda musu buhunan gero har rufi, ba zai daɗe ba zai kashe ƙafafunsu.

Kada agogon tafiya ya ruɗe ku

Motar Amurka da mil take ƙidaya, ba kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato in kun ga 200,000, ta yi kilomita 320,000 ke nan. Ban da haka, akwai masu mai da agogon baya. Ku dubi robar birki da sitiyari da kujerar direba. In sun suɗe amma agogo yana nuna tafiya kaɗan, to, akwai lauje cikin naɗi. Motar da ta yi doguwar tafiya a hannun mai canza mata baƙin mai kan lokaci ta fi wadda ta yi gajeriya a hannun marar kula.

Abubuwa bakwai na dubawa

Ku tafi da makanikenku, ba na dillali ba. Ku je da sassafe, tun injin yana da sanyi, domin injin da ya yi zafi yana ɓoye ciwonsa.

1. Hayaƙi. Shuɗi, injin yana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa yana shiga inji. Baƙi, tana shan mai fiye da ƙima.

2. Baƙin mai. Ku buɗe murfin. In kun ga abu kamar madara, ruwa ya haɗu da mai, gyaran nan kuwa babba ne.

3. Lagireto. A bar ta tana aiki rabin awa, ku ga ko allurar zafi za ta hau. Motar da take zafi a lokacin hunturu, ina labarinta a watan Afrilu?

4. Giya. A tuƙa ta, a hau gangare da ita. In tana fizga ko tana jinkirin shiga, ku bar ta. Mai giyar hannu ta fi sauƙin gyara a ƙauye.

5. Ƙarƙashi. A ƙasashen sanyi ana zuba gishiri a titi don ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe. Ku leƙa da tocila ku nemi tsatsa da alamar walda.

6. Bel ɗin inji. Sienna ta 2004 zuwa 2006 da bel take aiki, ana canza shi kowane mil 90,000. In ba wanda ya san ranar da aka canza, ku sa kuɗinsa cikin lissafi.

7. Taya. A gefen kowace akwai lamba huɗu. Biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Tsohuwar taya tana fashewa ko da zanenta bai suɗe ba.

Takardu

Lambar jikin mota tana da haruffa da alƙaluma 17. Ku gwada ta da wadda take cikin takardar kwastan da ta mallaka, ɗaya bayan ɗaya. A watan Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, saboda haka in an yi muku tayin wata da araha ba takardar kwastan, ku tuna araha ba ta ado. A rubuta takardar ciniki da sunan ƙungiya, ba sunan shugaba ba, shaidu su sa hannu. Yawancin rigimar da take raba 'yan'uwa daga nan take farawa.

Lissafin kuɗi

Kada ku zuba duk abin da kuka tara a kan saye. Shawarata ita ce ku raba kuɗin kashi biyar, huɗu na saye, ɗaya na gyaran farko, wato baƙin mai da birki da batir da taya da inshora. Bayan haka, ma'aji ya buɗe littafi, kowace tafiya a rubuta kuɗin da ya shigo da man da aka sha, a ware na gyara tun kafin a yi maganar riba. Direba ya zama guda ɗaya, don motar kowa ba ta kowa ba ce.

Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki. Motar da ta mutu tsakanin Zurmi da Jibiya da yamma, ba kaya kaɗai ta jefa cikin hatsari ba, har da rayuka. In kuɗinku bai kai na mai lafiya ba, ku haƙura har wata kaka, ko ku haɗa hannu da ƙungiyar maƙwabta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu, ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.