Ƙyallen Da Ake Zubarwa Ya Zama Kuɗi: Labarin Bargon Faci

In kaka ta wuce, an gama sussuka an zuba hatsi a rumbu, hannuwa da yawa sukan zauna babu aiki har faɗuwar ruwa. A lokacin nan kuma hunturu yake shigowa, kowane gida yana neman abin rufa. Wannan karo mun kawo muku labarin wata sana'a da ta dace da rani, watau ɗinkin bargon faci, da yadda waɗansu matan manoma suka kai nasu har gidajen nuni na manyan birane.

Mene ne bargon faci?

Mayafi ne mai hawa uku. Na sama ƙyallaye ne ƙanana da aka harhaɗa, na tsakiya auduga ce, na ƙasa kuwa yadi guda. Sai a bi su da ɗinki layi layi domin audugar ta zauna wuri ɗaya. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya ga 'yan lifidi a hawan salla ya ga irinta, gama lifidin doki haka ake cusa masa auduga a ɗinke.

Matan Gee's Bend

Gee's Bend ƙauye ne na baƙar fata a jihar Alabama ta Amurka, kogi ya kewaye shi ta gefe uku. Mutanensa jikokin bayi ne da suka yi noman auduga a wurin. Talauci ya sa matansu sukan yanka tsofaffin wandunan aiki da buhunan da aka gama amfani da su, su ɗinka barguna saboda sanyi.

A shekarun 1960 baƙar fata na yankin suka tashi neman 'yancin jefa ƙuri'a. Masu gonaki suka kori waɗansu daga gonakin haya, waɗansu kuma suka rasa aikinsu. A ƙarshen 1965 wani fasto mai suna Francis Walter yana wucewa a mota, sai ya hangi barguna a shanye a kan igiya. Ya yi ta saye a kan dala 10 kowane ɗaya, aka kai su birnin Niyu Yok aka yi gwanjonsu, aka mayar wa matan da kuɗin.

Matan ba su tsaya jiran mai saye na biyu ya bi ta hanya ba. A watan Maris 1966 suka taru suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Freedom Quilting Bee, wata mace Estelle Witherspoon ta zama manaja. A 1969 suka gina ɗakin ɗinki na kansu. Manyan kantuna suka fara ba su aiki, amma da sharaɗi: kowane bargo sai ya cika awo, ɗinki kuma ya zama iri ɗaya. Wannan ya yi wa waɗansu wuya, domin sun saba kowace ta bi idonta. A 1972 kamfanin Sears ya ba su kwangilar ɗinka rigunan matashin kai. Ragowar yadin wannan aiki sukan kai gida su yi barguna irin yadda ransu yake so. Ƙungiyar ta yi aiki har 2012.

Abin da nuni ya yi musu

A 2002 aka rataye bargunan Gee's Bend a babban gidan nunin zane na birnin Hustan, daga nan aka kai su gidan nuni na Whitney a Niyu Yok, har da waɗanda aka yi da ragowar yadin nan. Jaridu suka yabe su ƙwarai. A 2003 matan suka kafa sabuwar ƙungiya domin su riƙa sayar da aikinsu da kansu. A 2006 gidan wayan Amurka ya buga kan sarki iri 10 masu hoton bargunansu.

Sai mu lura, bargon da ke kan gado da wanda aka rataye a bango ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne jama'a sun gani. Saboda haka ake yin babban bikin nunin barguna kowace shekara a Hustan, da kuma a Bamingham ta Ingila. A irin wannan taro alƙalai sukan duba ko bargo ya kwanta sumul, ko kusurwoyinsa sun daidaita, sukan kuma juya bayansa su ga ɗinkin. Aikin ha'inci a baya yake ɓuya.

In za ku fara

A wanke ƙyallaye tukuna, gama wani yadi yana tsukewa, wani yana zuba. Kada a haɗa mai kauri da marar kauri. A yanka kwali murabba'i ya zama ma'auni ga kowa, a bar rubu'in inci a kowane gefe domin ɗinki. A shimfiɗa hawa ukun nan a kan tabarma, a kama su da dogon ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa baki. In audugar gida ce aka gurje aka shimfiɗa, kada tsakanin layi da layi ya wuce inci 2, in ba haka ba za ta dunƙule a wanki.

Surfani da keken ƙafa

Ado yana ƙara wa bargo ko rigar matashi daraja. Keken ɗinki na ƙafa, irin su Singer da Butterfly, ya isa wannan aiki. Ga abubuwan kiyayewa:

1. A kwance ɗan ƙarfen da ke danne yadi. A saukar da haƙoran da ke jan yadi, in ba su sauka a rufe su da kwali mai santsi, a huda wa allura hanya.

2. A ɗaure yadin a zoben katako ya yi tsantsan kamar fatar ganga. Yadin ya kwanta a kan keken, bakin zoben yana duban sama.

3. Ko da yake an cire ƙarfen, dole a saukar da mariƙinsa na baya kafin a taka. In an manta, zaren sama ba zai kamu ba, sai ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi. Wannan shi ya fi ba masu koyo wahala.

4. A jawo zaren ƙasa ya fito sama, a riƙe su biyun, a yi ɗinki uku ko huɗu wuri ɗaya, sa'an nan a yanke bakinsu.

5. A sassauta zaren sama kaɗan, domin kada na ƙasa ya leƙo a fuskar ado.

6. Allura lamba 11 ta yadi marar kauri ce, 14 ta atamfa da makamantanta, 16 ta mai kauri. In zare ya fara tsinkewa ko ɗinki yana tsallake, allura za a fara canjawa.

7. Yadi mai laushi a sa masa sitaci, ko a shimfiɗa takarda a ƙarƙashinsa, a yage ta bayan an gama.

8. Ƙafa ta yi sauri daidai, hannu ya tafi a hankali. A janye yatsu daga allura, gama yanzu babu abin da ya tsare su.

9. A share gashin zare daga wajen ƙoshiya, a ɗiga man keke. Ban da man gyaɗa, yana daskarewa ya riƙe keken.

Kullum a gwada a kan ƙyalle kafin a taɓa ainihin aikin.

Shawararmu

Ba sai an je Hustan ba. Ranar nunin amfanin gona, ko babban taron zumuntar mata, a ɗaura igiya a inuwa, gama rana tana kashe launi. Kowane bargo a ɗinka masa ƙyalle a baya mai sunan wadda ta yi da shekara. A gayyato tela biyu daga wani gari su yi alƙalanci. Kafin a sa farashi a lasafta yadi, da zare, da kwanakin aiki. Magatakarda ya rubuta kowane ciniki a littafi, a kuma yarda tun da wuri nawa ne na mai ɗinki, nawa ne na asusun ƙungiya. Baƙo mai kuɗi in ya zo zai kwashe duka, kada mace ɗaya ta yi ciniki ita kaɗai.

'Yan'uwa, ku tattauna wannan a taronku na gaba. Ku fara da buhun ƙyalle ɗaya daga wurin telan kasuwarku. Ƙungiyar da ta gama bargonta na fari ta rubuto mana, za mu yi murnar ba da labarinta.