Zanen Ƙasa da Begen Gida: Misali Daga John Constable

A cikin fasahar Turawa akwai wani reshe na zane wanda bai damu da sarki ko jarumi ba, sai fili da kogi da itatuwa da sararin sama. Wanda bai saba da shi ba zai ɗauka kwaikwayon abin da ido ya gani ne kurum. Alhali kuwa sau da yawa abin da zuciya ta riƙe ne mai zane ya ke fitarwa. Ayyukan John Constable na ƙasar Ingila sun isa shaida.

An haife shi a shekarar 1776 a ƙauyen East Bergholt, kusa da Kogin Stour, inda mahaifinsa ya ke da injinan niƙa masu aiki da ruwa. A bakin kogin nan ya yi ƙuruciya. Zanensa da ya fi shahara shi ne The Hay Wain, watau amalanken ingirici, na shekarar 1821: dawaki sun shiga ruwa da amalanke, ga gidan wani manomi a hagu, ga kare a bakin gaɓa, hadari kuma yana yawo a sama. Abin lura shi ne ba a bakin kogin ya zana shi ba. A ɗakin aikinsa na birnin Landan ya yi shi, yana duban ƙananan zane-zanen da ya yi tun shekarun baya. Lokacin nan mahaifinsa ya rasu, 'yan ƙodagon gona kuwa suna cikin matsi tun ƙarewar yaƙi da Faransa a 1815. Amma ko alamar wannan wahala babu a zanen. Ƙauyen ƙuruciya ne ya zana, ba na ranar ba.

A 1828 tarin fuka ya kashe matarsa Maria, ta bar masa 'ya'ya 7. Sa'an nan ya koma ga wani ɗan zane da ya yi tun 1814 na kangon fadar Hadleigh, kusa da inda Kogin Thames ya ke shiga teku. Daga shi ya fitar da babban zane a 1829. Wurin dai shi ne wanda ya gani shekara 15 da suka wuce, yana saurayi mai neman aurenta. Amma yanzu hasumiyar a tsage ta ke tsaye, sama ta murtuke, tsuntsaye suna shawagi, makiyayi kuma yana tafe shi da karensa.